Gidan Zaitawa da Ba a Sa Haya Ba

Sai da 'yan dako suka gama jibge gado da katifu da buhunan kwanuka a ƙofar gidan, motar kaya ta juya ta tafi, sannan Salihu ya gano cewa gidan da ya biya wa kuɗin shekara a Zaitawa ba a taɓa sa shi haya ba. Mai gidan ce ta gaya masa da bakinta, wata dattijuwa, Hajiya Maryam, daga cikin soro, ba ta ko leƙo ba.

"A nan aka kawo ni amarya, daga nan za a fitar da ni. Wanda ya ba ka haya, je ka ya ba ka ɗaki."

Kafin azahar lungun ya cika. Matar Salihu, Ikram, tana zaune a kan katifa da jaririya a cinya, ko arba'in ba ta yi ba. Komawa baya babu, don tsohon gidan da suka bari mai shi ya riga ya kware kwano zai gina shaguna. Gabas kuma ta fara haɗa hadari.

A haka Gwaggo Nana ta sauka daga adaidaita. Yayar mahaifin Salihu ce, tsohuwar jami'ar duba-gari, wadda ta ƙare aikinta tana leƙa randuna da makwararai daga Dala har Kabara. Mahaifinta makiyayi ne da ake ɗauka bin sawun shanun sata, ita kuma tun da ta ajiye aiki ake kiranta idan abu ya ɓata a gida. Ana kiranta, amma ba a sonta.

"Ga Duba-gari nan," wata mata ta ce daga bakin ƙofa. "Kowa ya rufe randarsa."

"Taki ko an rufe ana jin ta daga titi, Yaya," Gwaggo ta ce, ta wuce.

Ta ja Salihu gefe. Ya ba ta labari yana kallon ƙasa. A Fesbuk ya ga tallan, da bidiyon gida sabon fenti, ciki da falo biyu, kuɗin bai kai rabin na unguwar ba. Ya kira lambar. Mutumin ya ce shi wakilin masu gida ne, yana Kaduna wajen rasuwa, amma ga kwatance, ya je ya gani.

"Ka je?"

"Na zo, Gwaggo. Na shiga soro. Sai na ji muryar mata a ciki. Na kira shi, ya ce iyalin tsohon ɗan haya ne suke haɗa kaya."

"Sai ka juya."

"Gidan matan aure ne. Ta yaya zan faɗa musu?"

"Ikram tana jego, na sani. Ni fa? An yi sadakar bakwai ɗina ne ban ji ba?"

Ya ce mutumin ya matsa masa, wai wani yana hanya da kuɗi a hannu. Ya tura ta wajen mai POS, washegari ɗan adaidaita ya kawo masa mukulli a ambulan. Yau lambar a kashe take.

"Arha, gaggawa, wakilin da ba ya da fuska, ga babu mai unguwa babu shaida," Gwaggo ta ce. "Da ɗaya ka gani ya isa ka tsaya. Kai ka ga huɗu ka ce alhamdu lillahi. Turo min bidiyon. Kawo mukullin."

Wani mutum cikin shadda fara sol ya matso da tampol a hannu, ya rusuna ya gaishe ta. Malam Jibrin ne, mijin 'yar Hajiya Maryam, mai shagon littattafan addini a Kurmi. Shi ya sa aka kawo wa Ikram ruwa, shi ya nemo tampol a rufe katifu.

"Hajiya Nana, wannan aikin mutanen waje ne," ya ce a hankali. "Suna can Legas suna kwasar hotuna a waya. Sai dai haƙuri."

"Wane Legas, Malam?" wani dattijo ya ce. "Ga Abdulhakeem nan kullum kansa a cikin waya, ga suma kamar ta mahaukaci. Ka daina rufa masa asiri."

Jama'a suka ɗauka. Abdulhakeem shi ne autan Hajiya Maryam. A cikin birni an daɗe da yanke cewa mugu ana gane shi daga aski, mutumin kirki kuma daga gaisuwa. Gwaggo ta shiga gidaje da yawa, ta ga abin da ke bayan randar masu kyakkyawar gaisuwa, don haka ta wuce su ta shiga gidan.

*

Hajiya Maryam tana zaune a bakin ɗakinta, ƙafa a miƙe, carbi a hannu. Ba ta yi wa baƙuwar tayin tabarma ba.

"Ke ce kika taɓa cin tarata a kan makwarara."

"Ni ce. Na ga kin gyara."

"Ba don ke ba."

Gidan irin na da ne. Daga soro sai tsakar gida, rijiya a tsakiya, ɗakin Hajiya na ƙasa a hagu. A can ƙurya kuma sabon sashe na bulo, ya sha fenti, babu ko tsinke a ciki. Babban ɗanta Abdulbaqi, da ke aiki a Jidda, shi ya gina don ranar da zai dawo da iyalinsa. Wannan sashen ne a bidiyo.

Gwaggo ta gwada mukullin a kwaɗon da ke ƙofar. Bai shiga ba. Ta duba taga, ta ga wani tsohon kwaɗo an ajiye, ta zura, ya buɗe.

"Na wa ne wannan?"

"Na lokacin aiki ne. Mai fenti ke riƙe da mukullin. Mikail, na Kabara. Je ki can ki yi duba-garinki."

Ta faɗi sunan da sauri, irin saurin wanda yake so a dubi wani waje. Gwaggo ta lura carbin ya tsaya cak a hannunta.

"Ina autanki?"

"Bai yi wa kowa laifi ba."

"Ban ce ya yi ba. Ke kika tambaye shi, ko?"

Hajiya Maryam ta kau da kai.

*

Ta sami Mikail a Kabara a kan tsani, yana shafa wa wani shago shuɗi. Bai sauko ba.

"Duk abin da ya ɓata a gida, mai fenti. Ranar da aka rasa tukunya ma ni aka nema."

"An same ta?"

"A ƙarƙashin gadon mai ita."

Ta miƙa masa wayar. Ya goge hannu a wando, ya kalla yana taɓe baki.

"Aikina ne, ba na musu. Amma dubi tagogin. Da gilashi. Ni ko da na bar gidan ramuka ne, leda muka toshe da ita. Sai bayan sallar layya aka sa gilashi, ni kuwa tun azumi na gama."

"Mukullin fa?"

"Na damƙa wa Abdulhakeem a hannu, a gaban mai shayi. Kuma Hajiya, ni ba na shiga gidan nan sai an yi min iso tsohuwar ta shige ɗaki ta saki labule. Yaushe zan yi yawo da waya kamar gidan ubana?"

Gwaggo ta biya ta wajen mai shayin. Ya tabbatar, cikin ɗacin rai, don shi ma ta taɓa kwashe masa kofuna.

*

Abdulhakeem yana rumfar gyaran waya a bakin titi, leɓensa a kumbure. Samarin lungu sun riga sun yi masa shari'arsu.

"Na karɓa," ya ce. "Na rataye a ƙusa a soro. Da aka sa sabon kwaɗo wa ya ƙara bi ta kansa? Kowa ya shigo zai iya zara."

"Ka iya haɗa bidiyo da kiɗa?"

"Ɗan firamare ma ya iya. Gwaggo, da ni ne, zan sa gidanmu? Gidan da nake kwana? Ai ko ɓarawo yana da hankali." Ya taɓa leɓen. "Dukan bai dame ni ba. Hajiya ce ta kira ni ɗaki ta ce in rantse. Ni ta ce wa in rantse."

Gwaggo ta dube shi. Ba ta yarda da hawaye ba, ba ta kuma yarda da rashinsu ba. Amma maganarsa ɗaya ta zauna: mukullin bai nuna kowa ba, don a soro yake, soro kuwa na kowa ne. Abin da ba na kowa ba shi ne tsakar gida.

*

La'asar ta yi, iska ta fara ɗaga tampol. Ikram ta lulluɓe jaririyar da mayafi biyu. Salihu ya tare Gwaggo da ido, ta wuce shi ta shiga soro.

Mahaifinta yakan ce da ita ba a bin sawu daga zaune, sai ka sa ƙafarka inda dabbar ta sa tata. Ta riƙe wayar a ƙirji, ta kunna bidiyon, ta bi shi. An cire muryar asali an ɗora kiɗa. Hoton ya fito daga soro, ita ma ta fito. Ya nufi sabon sashe, ta bi. Daidai rijiya sai hoton ya yi ƙasa, ya nuna siminti, can ya taso ya ci gaba.

Sau nawa ta kalli wurin nan tun ɗazu tana ɗauka tuntuɓe ne. Ta dubi ƙasa. Simintin sumul yake, babu abin da zai kama ƙafa. Ta mayar da bidiyon baya. Wanda ya yi tuntuɓe hotonsa girgiza yake yi. Wannan a hankali ya sauka, ya zauna a ƙasa ya daɗe, a hankali ya tashi. Ta tsayar da shi a nan, ta buɗe da yatsu biyu. A gefen hoton ga yatsun ƙafar namiji, babu takalmi. Kusa da su ga bakin wani ƙunshi na ganye. Da hoton ya tashi kuma, a karkace ya tafi, kamar mai shi ba ya so ya juya wa wani abu baya.

Gwaggo ta ɗaga kai daga inda take tsaye. Ƙofar Hajiya Maryam ce ke kallonta.

"Me kike nema a rijiyata?" tsohuwar ta ce.

"Aron tsakar gidanki nake so. A kira mai unguwa."

*

Mai unguwa ya zo yana ƙorafin an tashe shi daga cin abinci. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bango, Salihu ya rakuɓe a gefensa. Gwaggo ta jawo turmi ta kifa kusa da Hajiya Maryam ta zauna, ba a ce ta zauna ba. Ta aika aka kira Mikail da Abdulhakeem da Malam Jibrin suka jira a soro, ta ce a shigo da su ɗaya bayan ɗaya.

Mikail ya yi sallama sau biyu, ya tsaya a bakin soro da takalmansa, ya ɗan sunkuya. "Barka da yamma, Hajiya." Bai ƙara taku ba sai da mai unguwa ya ce ya matso.

Abdulhakeem ya shigo yana jan silifas, ya wuce rijiya, ya wuce uwarsa, ya jingina da bango. Ko kallonta bai yi ba.

Sannan Malam Jibrin. Ya tako a nutse har gindin rijiya, ya zare takalmansa ya jera su, ya tsuguna, kansa a ƙasa. "Barka da yamma, Hajiya. Ya ƙafar? Ya muka ji da wannan tashin hankali?" Ya daɗe a tsugune, kamar yadda suruki na gari yake yi.

"Ka gani ko," mai unguwa ya ce wa Abdulhakeem. "Haka 'ya'yan mutane suke."

"Malam Jibrin, zauna a yadda kake," Gwaggo ta ce. Ta tashi ta kai wa mai unguwa wayar. "Ranka ya daɗe, kalli nan. Mai ɗaukar hoton ya zo rijiya ya yi ƙasa. Gidan da babu kowa ba a tsuguna masa. Wani ya gani a wannan ƙofar, jikinsa ya yi abin da ya saba kafin kansa ya tuna da waya a aljihun gaba tana ɗauka. Mai fenti ba ya isowa nan idan tana waje. Ɗanta kuma ka ga irin tasa gaisuwar. Maza nawa ne a Kano za su shigo gidan nan babu iso, su cire takalmi a gindin rijiya?"

Mai unguwa ya kalli wayar, ya kalli Malam Jibrin, ya sake kallon wayar.

"Hajiya Nana, wannan ai zato ne," Malam Jibrin ya ce, muryarsa ba ta canza ba. "Kowa yana tsugunawa. Don mutum yana da ladabi sai ya zama abin tuhuma?"

"Ladabinka ba ruwana da shi. Sawunka nake bi." Ta karɓi wayar ta ɗora a cinyar Hajiya Maryam. "Idona ya tsufa. Duba min, mene ne wannan a ganye kusa da ƙafar?"

Tsohuwar ta kawo wayar kusa da fuska. Ta daɗe tana kallo. Iska ta kaɗa guga ya bugi bakin rijiya.

"Farin goro ne," ta ce daga ƙarshe. "Likita ya hana ni goro. 'Ya'yana duk sun daina kawo min. Mutum ɗaya ne yake ɓoyowa a ganye ya ajiye min a nan."

Malam Jibrin yana nan a tsugune.

"Kasuwa ce ta..." ya fara.

"Kada ka gaya min," Hajiya Maryam ta ce.

Abdulhakeem ya yi wata dariya marar daɗi. "A ba shi Alƙur'ani mana, Hajiya. Ko rantsuwar ta masu suma ce kawai?" Ya dubi mai unguwa. "A kira 'yan sanda. A fito da shi ta lungun nan, waɗanda suka fasa min baki su gani."

"Yayarka fa?" mai unguwa ya ce. "Aminat da 'ya'yanta? A ce ubansu yana kurkuku?"

"Ni da aka ce ni ne, wa ya tuna ina da uwa?"

Digon farko ya sauka a kan siminti. Daga waje aka ji jaririyar ta fara kuka. Salihu ya yunƙura, Gwaggo ta yi masa alama ya zauna.

"Ni ban zo neman kurkukun kowa ba," ta ce wa Hajiya Maryam. "Kuɗin kuma na san an cinye, ko an matse shi yau ba za su fito ba. Yarinya tana waje da ɗanyen jiki. An karɓi hayar shekara da sunan wancan sashen, wanda ya karɓa kuma na gidan nan ne. Ko a buɗe shi, ko in ɗauki wayar nan in hau adaidaita. Ofishin 'yan sanda ba nisa."

"Barazana kike min a gidana?"

"Eh."

"Sashen na Abdulbaqi ne."

"Yana Jidda. Ruwan nan a Zaitawa yake sauka."

Tsofaffin biyu suka kafe juna da ido. Mai unguwa ya buɗe baki zai kawo sulhu, ya ga babu mai bukatarsa, ya rufe.

Hajiya Maryam ta kwance bakin zaninta, ta ciro sabon mukulli. Ba ta miƙa wa Gwaggo ba, ba ta miƙa wa Salihu ba. Abdulhakeem ta miƙa wa, ba tare da ta iya haɗa ido da shi ba.

"Kai aka daka. Kai za ka ce."

Ya juya mukullin a hannu. Ruwan ya fara ƙarfi, kukan jaririyar yana shigowa ta soro. Ya dubi mijin yayarsa.

"Malam, tashi. Gadon nan na katako ne, yana da nauyi. Kai za ka shigo da shi, ta gaban kowa, kai kaɗai. In an tambaye ka dalili, ka faɗa da bakinka."

Haka aka yi. Mutanen lungu suna tsaye a ƙarƙashin rumfa suna kallon Malam Jibrin, farar shaddarsa ta manne da jiki, yana kai da kawo da gado da katifa a ka. Dattijon da ya fara ambaton Abdulhakeem ya ce shi dama tun farko bai yarda da yawan gaisuwar nan ba.

Ikram ce ta shigo daga ƙarshe, a jiƙe, jaririyar a cikin mayafi. Da ta iso gaban tsohuwar sai ta fara durƙusawa.

"Miƙe," Hajiya Maryam ta ce. "Ga murhu can, ga itace a rumfa, a ɗora miki ruwan wanka kafin sanyi ya shige ki. Shekara ɗaya ce, ba da son raina ba. Kuma muddin kuna gidan nan, ke da mijinki, wanda zai gaishe ni ya gaishe ni a tsaye."